Kalmar “exam” da abokan tafiyarta: inda ɗalibai ke tuntuɓe a Turancin jarrabawa

A ɗauka ɗalibi ne da ya yi sakandare da Faransanci, yanzu yana koyon Turanci. Ya fito daga ɗakin jarrabawa, ya zaro waya ya rubuta wa abokinsa ɗan Ingila cewa “I passed my exam today.” Nan take abokin ya shiga taya shi murna, alhali ko takardar ba a fara dubawa ba, sakamako sai nan da wata biyu. Abin da ɗalibin ke nufi kawai shi ne ya shiga jarrabawar ya fito. A Faransanci “passer un examen” zana jarrabawa ne, cin ta kuma “réussir”. A Turanci kuwa duk wanda ya ce “pass”, to ya ci ke nan, babu wata ma'ana.

Ita kanta kalmar “exam” ba ta da wata sarƙaƙiya, duk wanda ya taka makaranta ya san jarrabawa ake nufi. Wahalar tana wajen kalmomin da ke tafiya da ita: wane aikatau ake sa mata, wa ke bayarwa wa ke ɗauka, me ɗan Birtaniya zai ce wanda Ba'amurke ba zai ce ba. Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato Turancin da ke cikin takardar tambayoyin kanta, inda ɗalibi mai ilimi kan zubar da maki don bai gane abin da aka nema daga gare shi ba. Wannan na biyun shi ya fi damuna, kuma a kansa zan fi tsayawa, amma bari a fara da tambayoyin da aka fi ji a bakin masu koyo.

Mutane kan tambaya ko “exam” da “examination” abu ɗaya ne. A harkar makaranta, ɗaya ne. Doguwar ita ce ta asali, gajerar kuma ɗalibai ne suka gutsuro ta a ƙarni na 19, ta yi ta yaɗuwa har ta samu gindin zama. Yau malamai da jaridu duk suna amfani da ita ba tare da kowa ya ga gazawa ba. Sai dai a takardar shaidar kammala karatu, da dokokin jami'a, da sunayen hukumomin shirya jarrabawa, doguwar ake rubutawa. Idan aka fita daga makaranta kuma, doguwar tana da gonar da gajerar ba ta shiga, domin tana ɗauke da ma'anar bincike da duba na ƙwaƙƙwafi. Tambayoyin da lauya ke yi wa shaidar ɗaya ɓangaren a kotu “cross-examination” ne. Binciken gawa don gano musabbabin mutuwa “post-mortem examination” ne. Marubuci zai ce “on closer examination”, wato da aka ƙara dubawa da kyau, kuma ba ya yiwuwa a sa “exam” a wannan gurbi. Asibiti ne kaɗai wurin da gajerar ta leƙa, shi ma a Amurka aka fi ji: su suna cewa “eye exam” ga gwajin ido, inda ɗan Birtaniya zai ce “eye test”.

Tushen kalmar Latin ne, “examen”, ɗan tsinken nan da ke tsakiyar sikeli mai nuna ɓangaren da ya rinjaya. Daga awo aka samo ta, shi ya sa har yanzu aikatau “examine” ke aiki ga likita da alƙali da malami baki ɗaya.

Wajen furuci, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce “eksam” tare da ɗora nauyin murya a gaɓar farko. Masu harshen “igzam” suke cewa, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, harafin x kuma yana fita kamar g da z a haɗe. Haka yake a “example” da “exact” da “exist”. Inda nauyin ya koma gaɓar farko, kamar a “exercise”, nan ne x ke fita kamar k da s. Tunda kalmar da wasali ta fara, “an exam” ake cewa. Mu Hausawa mukan yar da wannan ɗan “an” gaba ɗaya saboda harshenmu ba ya buƙatarsa, sai ka ji an ce “I have exam tomorrow”. Kowa zai gane, amma mai duba takarda zai ja jan biro a ƙarƙashi. Daidai shi ne “I have an exam tomorrow” idan darasi ɗaya ne, ko “I have exams next week” idan duk zangon jarrabawar ake nufi. A Hausa “jarrabawa ta ƙarato” ta wadatar ko darasi ɗaya ne ko tara; Turanci sai ya ƙirga.

Yanzu ga inda gardama ta fi zafi. Shin “take” ake cewa, ko “sit”, ko “write”, ko “do”?

Duka huɗun ana faɗa, bambancin na wuri ne. “Take an exam” ita ce mai shiga ko'ina, daga Landan har Los Angeles ba wanda zai tsaya tambayar me kake nufi. “Sit an exam” da “sit for an exam” na Birtaniya ne da ƙasashen da suka gaji tsarin karatunta, irin su Ireland da Ostireliya, kuma tana da ɗan ƙamshin hukuma. “Do an exam” ta hirar yau da kullum ce a Birtaniya. “Write an exam” kuwa ita ce ta Kanada da Afirka ta Kudu da Indiya da Afirka ta Yamma, kuma ta zo daidai da yadda muke cewa rubuta jarrabawa ko zana jarrabawa.

Akwai malaman da ke tsawata wa ɗalibai a kan “write”, suna cewa gurɓataccen Turanci ne. Ban yarda da su ba. Maganar da jami'o'in Toronto da Cape Town ke bugawa a takardunsu na hukuma ba za a kira ta kuskure don kawai ba a yin ta a Oxford ba. Turanci ya daɗe da zama harshen ƙasashe da yawa, kowacce da nata salon da ya kafu. Abin da ya kamata a koya wa ɗalibi shi ne ya san da wa yake magana. Idan ya rubuta wa wata jami'a a Amurka cewa “I wrote the exam last year”, mai karantawa zai iya ɗan tsayawa, domin a can wanda ya “write” jarrabawa shi ne malamin da ya zauna ya tsara tambayoyin. A irin wannan wasiƙa “took” ta fi aminci. Tsakaninsa da abokan karatunsa kuwa, ya ci gaba da “write” abinsa.

Wadda ta fi haɗari ita ce “give”. A Turancin Birtaniya da Amurka, malami ne ke “give”, ɗalibi yana “take”. Amma a Indiya da Pakistan ɗalibi kan ce “I gave my exam”, saboda a Hindi da Urdu ɗalibi ne ke “bayar da” jarrabawa, sai salon ya bi su cikin Turanci. Wannan ya shafe mu fiye da yadda ake zato, domin ɗalibai da yawa yanzu a YouTube suke koyon lissafi da kimiyya da ilimin kwamfuta, kuma kaso mai tsoka na masu koyarwar ’yan Indiya ne. Kunne na ɗauka, baki na maimaitawa. Wanda ya ce “I gave an exam” a gaban Bature, malami za a ɗauke shi. Shi kuma tsara tambayoyin, a Birtaniya “set an exam” ake cewa.

“Pass” da “fail” kai tsaye suke hawa kan kalmar, ba a sa komai a tsakani: “she passed the exam”, “he failed the exam”. Shi “fail” yana aiki ta fuska biyu kamar yadda muke da faɗuwa da kayarwa: “he failed” ya faɗi, “the examiner failed him” mai dubawa ya kayar da shi. A kula kuma da ƙara wa “pass” wutsiya. “Pass out” a wurin mafi yawan masu harshen suma ne. Ma'anar kammala horo tana nan a aikin soja da ’yan sanda na tsarin Birtaniya, kuma a wasu ƙasashe an faɗaɗa ta zuwa gama makaranta, amma wanda ya rubuta “I passed out in 2020” ga Ba'amurke, ya gaya masa ya suma a shekarar ne. “Graduated” ko “finished” ya kamata. “Pass away” kuma rasuwa ce. Akwai kuma rikicin rubutu tsakanin “passed” da “past” saboda furucinsu ɗaya: tsofaffin takardun tambayoyi “past papers” ne ko “past questions”, ba a rubuta su da “ed”.

Idan “pass” ta zo a matsayin suna, darajarta kan ragu. A tsarin da ke da matakai irin su “distinction” da “merit” ko “credit”, wanda ya ce “I got a pass” yana nufin ya tsallake ne kawai, bai yi zarra ba. Kalmomin hira ma suna da yawa a nan: “scrape through” tsallakewa da ƙyar, “ace” cinyewa tas, “flunk” faɗuwa a bakin Amurkawa, “pass with flying colours” ci mai armashi, wadda aka samo daga jiragen ruwa masu dawowa tashar da tutocinsu a sama bayan nasara. Duk suna da daɗi a hira, amma ba su da gurbi a takardar neman aiki ko neman tallafin karatu.

Sai bambancin “exam” da “test” da “quiz”. A makaranta girma ne ya raba su: “exam” ita ce babbar, mai zuwa ƙarshen zango ko ƙarshen karatu, wadda sakamakonta ke bin mutum; “test” gwaji ne na tsakiyar tafiya; “quiz” a Amurka ɗan gajeren gwaji ne na cikin aji, wanda idan ba a sanar ba ake kira “pop quiz”, a Birtaniya kuma an fi sanin ta da gasar kacici-kacici. Amma wannan rabon ba doka ba ce. Manyan jarrabawowin Turanci na duniya, IELTS da aka fara a 1989 da TOEFL da ta girme ta tun 1964, dukansu “test” suke ɗauke da ita a cikin sunansu, kuma ba wanda zai kira su ƙanana. Wasu wuraren al'ada ce kawai ta zaɓa: gwajin tuƙi “driving test” ne, gwajin jini “blood test”, amma jarrabawar zama lauya a Amurka “bar exam”. Irin waɗannan sai dai a haddace su a dunƙule.

Tsakanin Birtaniya da Amurka kusan kowane abu na ɗakin jarrabawa yana da suna biyu. Mai sa ido a ɗakin “invigilator” ne a Birtaniya, “proctor” a Amurka. Malamin Birtaniya yana “mark” takarda ya ba da “marks”, na Amurka yana “grade” ya ba da “grade” ko “score”. Ɗalibin Birtaniya yana “revise” kafin jarrabawa, wato bita. Idan Ba'amurke ya ji “revise” gyaran rubutu yake fahimta, shi “study” ko “review” yake yi. “Paper” a Birtaniya takardar tambayoyi ce, har a ce “Paper 1” da “Paper 2”, a jami'ar Amurka kuma maƙala ce da ɗalibi ke rubutawa a gida. Sake zana wadda aka faɗi “resit” ne ko “retake”. Jarrabawar gwaji da ake yi kafin ta gaske “mock” ce, ba ɗaya ma'anar kalmar ta izgili ake nufi a nan ba. Hatta ƙaramin harafin da ke gaba ya bambanta: ɗan Birtaniya ya yi ƙoƙari “in the exam”, Ba'amurke “on the exam”. Satar amsa kuma “cheating” ce a ko'ina. Hukumomin jarrabawa na Birtaniya da na Afirka ta Yamma suna cewa “malpractice”, kalmar da a Amurka aka fi jingina ta ga sakacin likita ko lauya. Shawarata ita ce mutum ya riƙe tsari ɗaya a cikin rubutu ɗaya, amma ya san na ɗaya ɓangaren don ya gane idan ya ji.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce maki nawa ne ci. Ba ta da amsa ɗaya, kuma rashin sanin haka ya sa an raina sakamako mai kyau, an kuma yaba wanda bai kai ba. A jami'o'in Birtaniya 40 cikin 100 ne matakin tsallakewa a digirin farko, 70 kuma daraja ta ɗaya ce, wadda ba kowa ke samu ba. A yawancin makarantun Amurka 70 ɗin nan matsakaiciyar daraja ce ta C, sai an kai 90 ake maganar A. Faransa a kan 20 take auna ɗalibi, 10 ne tsallakewa. A Jamus 1 ce mafi daraja. A jarrabawar sakandare ta Ingila da ake kira GCSE, tun sauyin da aka fara a 2017, 9 ce ƙololuwa, 4 kuma matakin tsallakewa. A WAEC kuwa A1 ce sama, F9 faɗuwa. Lamba 9 ɗaya, a can abin alfahari, a nan abin kuka. Ita IELTS ma babu ci babu faɗuwa a cikinta: ana ba da mataki ne har zuwa 9, jami'a ko ofishin biza su faɗi wanda suke buƙata. Saboda haka “I passed IELTS” magana ce da ba ta cika ba. Abin da ake son ji shi ne “I got a 7” ko makamancin haka.

To, mu shiga cikin takardar kanta.

Kusan kowace tambayar jarrabawa ta Turanci tana da kalma ɗaya da ke ba da umarni, yawanci ita ce ta farko a jimlar, kuma a kanta ake gina tsarin rabon maki. Ɗalibai da yawa idonsu kan tsallake ta ya faɗa kan batun. Da sun ga sunan abin da suka karanta, sai farin ciki ya ɗebe su, su juye duk abin da ke kansu. Mai dubawa kuwa yana riƙe da takardar da ta ce masa ga abin da za a ba maki, ga abin da ba za a ba ba, komai kyansa.

A duba waɗannan biyun daga darasin tarihi: “Give an account of the outbreak of the First World War” da “Account for the outbreak of the First World War.” Da ido kamar tagwaye. Ta farko labari take so: an harbe Franz Ferdinand, magajin sarautar Austria da Hungary, shi da matarsa a Sarajevo ranar 28 ga Yuni 1914, bayan wata guda ƙasarsa ta shelanta yaƙi a kan Sabiya, Rasha ta fara tara dakaru, Jamus ta shiga, ta ratsa Beljiyam, Birtaniya ta bi a ranar 4 ga Agusta. Ta biyu dalili take so: me ya sa kisan mutum biyu ya cinna wa nahiya guda wuta? Nan sai an kawo ƙawancen da ya ɗaure manyan ƙasashe gida biyu, da tseren ƙera jiragen yaƙi tsakanin Birtaniya da Jamus, da kishin ƙabila a yankin Balkan, a kuma nuna yadda kowanne ya taimaka. Ɗalibin da ya cika shafi uku da labari mai kyau, kwanan wata duk daidai, a ƙarƙashin tambaya ta biyu, zai fito yana murna, sakamako ya zo ya rasa inda aka samu matsala. Ya san tarihin sarai. Kalmar “for” ce bai gani ba. Irin wannan asara tana ci mini rai, domin gyaranta bai wuce darasi ɗaya ba, amma sau da yawa ba a keɓe mata ko da wannan ɗayan.

Haka abin yake tsakanin “describe” da “explain”. Idan aka ce “describe what happens when ice is heated”, ana so ka faɗi abin da ake gani: zafin ƙanƙarar na hawa har ya kai sifiri a ma'aunin Celsius, sai ya tsaya cak har ta gama narkewa, sannan ya ci gaba da hawa. Idan aka ce “explain”, sai ka faɗi dalilin tsayawar: zafin da ke shiga a lokacin yana tafiya ne wajen sassauta haɗin da ya riƙe ƙwayoyin ƙanƙarar, shi ya sa ma'auni ba ya motsi. Amsar “explain” da babu “because” ko ɗan'uwansa a cikinta, da wuya ta cika.

“State” da “list” da “name” gajerar amsa suke so, wanda ya tsaya dogon sharhi a kansu lokacinsa kawai yake ci. “Outline” manyan gaɓoɓi ne ba tare da shiga lungu ba. “Compare” na neman kamanci da bambanci a jere da juna, “contrast” bambanci zalla. Kuskuren da aka saba shi ne a rubuta sakin layi guda a kan abu na farko, wani a kan na biyu, a bar wa mai dubawa aikin haɗawa, shi kuwa ba zai haɗa ba. “Illustrate” sau da yawa misalai take nufi, ba lallai zane ba. “Discuss” na son a juya batun ta fuskoki fiye da ɗaya. “Evaluate” da “assess” da “to what extent” sun ƙara da neman hukunci: bayan ka kawo hujjojin kowane ɓangare, ina ka tsaya, kuma don me? Ɗaliban da aka rene su a kan cewa faɗin ra'ayi a gaban malami rashin kunya ne sukan ji nauyin wannan mataki, su kawo ɓangarorin biyu su yi shiru. A wannan tambayar, makin sama yana wurin hukuncin ne. Kalmar “critically” ma ba ta nufin kushe; aunawa take nufi, a faɗi ƙarfi a faɗi rauni. A lissafi kuma “hence” umarni ne cewa a yi amfani da amsar da aka samu a sashen da ya gabata, “show your working” kuma na nufin hanyar da aka bi tana da makinta ko da amsar ƙarshe ta kauce.

Kafin tambayoyin ma akwai ’yan layukan da ke saman takarda, waɗanda zumuɗi ke sa a tsallake. “Answer three questions in all, at least one from each section” na nufin uku jimilla, kuma dole kowane sashe ya samu aƙalla ɗaya. Wanda ya amsa uku daga sashe guda ya yi asarar aƙalla ɗaya. Wanda ya amsa biyar ya ɓata lokacin biyu. “At least” aƙalla, “at most” da “not more than” iyaka, “compulsory” dole. A tambayoyin zaɓi, ƙananan kalmomi irin su “not” da “except” da “least” su ke juya tambaya ta koma kishiyarta. Lambar makin da ke gefen kowace tambaya ita ma magana ce: tambaya mai maki 2 ba ta son shafi guda, mai maki 20 ba ta ƙoshi da layi huɗu.

Wasu kan tambaya ko tun asali haka jarrabawa take, a zauna shiru a yi ta rubutu. A'a. Jami'o'in Turai na farko da baki suke jarraba ɗalibi, ya tsaya gaban malamai ya kare matsayinsa da Latin. Ragowar wannan ita ce “viva”, gajarcewar “viva voce”, wato da murya mai rai, wadda mai neman digirin digirgir ke yi har gobe. Amurkawa suna kiran ta “defense”. Rubutacciyar jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya Sin ce ta daɗe da ita: tun wajen shekara ta 605 sarakunanta ke ɗaukar ma'aikata ta wannan hanya, ba a soke tsarin ba sai 1905. Birtaniya ta rungumi ra'ayin ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta hanyar gasa bayan rahoton Northcote da Trevelyan na 1854, jami'ar Cambridge kuma ta kafa hukumarta ta jarraba ’yan makaranta a 1858, wadda daga baya takardunta suka bazu a ƙasashen da Birtaniya ta mulka. Ta nan kalmomi irin su “paper” da “sit” da “invigilator” suka zagaya duniya. Tambayoyin zaɓi kuwa a Amurka suka bunƙasa a farkon ƙarni na 20, lokacin da ake neman hanyar duba takardun dubban mutane cikin sauri.

Saura kalma ɗaya da kowane ɗalibi ya san aikinta ko bai san sunanta ba: “cram”, wato ɗura karatun zango guda a daren jarrabawa. Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma bincike ya goyi bayansu. Tun 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda, waɗanda suka gwada kansu sun fi su tunawa nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya, domin idan ido ya saba da shafi sai zuciya ta ɗauka ta riƙe shi.

Shi ya sa tsofaffin takardun tambayoyi suke da amfani biyu ga mai zana jarrabawa da Turanci, muddin ba haddace amsoshinsu ya zauna yi ba. Ya rufe littafi, ya sa agogo, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni ta kowace tambaya kafin ya ɗora biro, ya amsa, sannan ya buɗe tsarin rabon maki idan hukumar tana fitar da shi, abin da ake kira “mark scheme” ko “marking scheme”. Hukumomi da dama suna kuma wallafa rahoton manyan masu dubawa bayan kowace jarrabawa, inda suke bayyana tambaya bayan tambaya wuraren da ɗaliban shekarar suka yi ƙoƙari da inda suka kauce, kuma ƙorafin da ke yawan dawowa a cikinsu shi ne an amsa tambayar da ba ita aka yi ba.